Tambayoyinku: "Mai makaranta ya ce in yi shiru, a rufa asiri"

Salamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni ɗaliba ce, in an yi hutu ina koyarwa a wani lesin na yara a unguwarmu nan Kano. Abu biyu ne suka dame ni. Na farko wani yaro ya yi haɓo jini ya zuba a siminti sosai, na ɗauki tsumma na goge da hannuna haka nan, ƙawata mai karatun nas ta ce na yi ganganci. Na biyun shi ya hana ni barci, shekaranjiya wata yarinya 'yar shekara 9 ta ja ni gefe ta ce wani malami yana tsayar da ita in an tashi yana taɓa ta inda bai dace ba, kuma ya ce in ta faɗa sai ya zane ta. Na gaya wa mai makarantar ya ce in yi shiru zai ja masa kunne, kar a ɓata sunan wuri kar a ɓata na yarinya. Har yau malamin yana zuwa. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da na biyun don shi ne ba ya jira.

Kin ce shekaranjiya ta gaya miki, to yau ɗin nan ki je wajen mahaifiyarta, ba a waya ba, ki zauna da ita ku biyu ki faɗa mata abin da yarinyar ta ce, daga nan a wuce asibiti. Dalilin gaggawar, in abin ya wuce taɓawa akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ake bayarwa, kuma sai cikin awa 72 da faruwar abin ake fara shi, ke kuma ba ki san iya inda ya kai ba, yara kan fara da faɗin kaɗan ne su ga yadda fuskar babba za ta yi. A Kano akwai cibiyar Waraka a cikin asibitin Murtala, aikinsu ke nan, su duba yaro su rubuta rahoton likita, wanda shi ne za a riƙe in magana ta je kotu. Ko kwana ukun sun wuce a je, akwai sauran abin da za a duba. In akwai kayan da ta sa ranar kar a wanke, a naɗe a takarda ba leda ba.

Ke kuma ki ɗauki biro tun ba ki manta ba ki rubuta kalmominta yadda ta faɗe su, da rana da lokaci, da abin da mai makarantar ya ce miki. Kar ki sake zaunar da ita kina "ya aka yi, sau nawa, kin tabbata?" Wallahi nan ake ɓata magana, wannan ya tambaya wancan ya tambaya har yarinya ta rikice ta canza zance, sai a ce ai ga shi ƙarya take. Ki ce mata ta kyauta da ta faɗa, ba laifinta ba ne, kuma kar ki yi mata alkawarin ba wanda zai ji. Kar ki tunkari malamin, kar a sa a WhatsApp ko Facebook, ba sunanta ba hotonta. Bincike aikin 'yan sanda ne, in kun ga ana jan ƙafa akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, akwai NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, akwai ma'aikatar mata ta jiha. Dokar haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, Kano ma ta yi tata a 2023, don haka ba wani abu kika ƙirƙiro ba.

Maganar mai makarantarku kuwa, na san abin da yake tsoro, iyaye su kwashe yaransu. Amma jan kunne me zai yi? Iyakaci a sallami malamin a ɓoye ya koma wata unguwa da gemunsa da jakarsa a ba shi wasu yaran. Asirin yarinya ana rufa shi ne da ɓoye sunanta, ba da barin mutumin a aji ba. Ki gaya masa cikin ladabi cewa a dakatar da malamin daga shiga cikin yara har a gama bincike, wannan ba yanke masa hukunci ba ne, in ma ƙazafi ne shi ya fi masa. In ya ƙi ke dai kin riga kin sanar da uwa. Kuma daga yanzu kar babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, ko wa ye shi, ƙofar aji a buɗe, in an tashi kowa ya tafi.

Sai jinin. Ƙawarki ta yi gaskiya amma kar ki ɗaga hankali, in ba ciwo ko tsaga a hannunki haɗarin kaɗan ne, in akwai ki je asibiti ki faɗa musu. Abin da aka fi gudu ciwon hanta ne nau'in B, ƙwayarsa tana iya yin kwana 7 a busasshen jini, kuma akwai rigakafinsa allura uku, duk mai aiki da yara ya kamata ya yi. Gaba in ta faru, fara janye yara daga wurin, ki sa safar hannu, in babu ki zura hannu a leda mara huji, ki tsane jinin da tishu, sannan ki zuba ruwan bilic irin su Hypo ko Jik. Ki duba jikin robar, in ƙarfin bilic ɗin kashi 5 cikin ɗari ne kofi 1 a ruwa kofi 9, in 3.5 ne kofi 1 a ruwa kofi 6. Ki bar shi minti 10 kafin ki goge, ki ɗaure komai a leda, ki wanke hannu da sabulu. Amai da kashi ma a kwashe tukuna sannan a zuba, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Kullum a haɗa sabo, kuma dan Allah kar a gauraya shi da Harpic wai don ya fi ƙarfi, iskar da ke tashi guba ce.

Shi mai haɓon, ba ɗaga kai sama ake yi ba kamar yadda aka yi mana muna yara, jinin maƙogwaro yake bi. Ya zauna ya ɗan sunkuyo a matse taushin hancin minti 10. Bilic ɗin kuma a kulle shi, kar a juye a robar lemo, haka kananzir, in yaro ya sha ba a ba shi manja ba a sa shi amai, asibiti kai tsaye da robar a hannu.

Ki sake rubuto min in ji yadda kuka yi da mahaifiyar yarinyar.