Kansar tairod: wa ta fi kamawa, kuma ana warkewa?

'Yar'uwa, kin ce an ga ƙulli a gaban wuyan yayarki, kina tambaya ko kansa ce, kuma ko ana rayuwa da ita. Allah ya ba ta lafiya.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Cikin ƙulli goma na tairod, wato ƙaramar halittar da ke gaban wuya mai samar da sinadaran da ke daidaita aikin jiki, kusan tara ba kansa ba ne. Hoton wuya da gwajin ɗan abin da za a zuƙo daga ƙullin da allura ne za su tabbatar, don haka kada ta yi jinkiri.

Kansar tairod ta fi kama mata, kusan ninki uku na maza. Babban abin da ke ƙara haɗarinta shi ne shiga tururin radiyeshan tun ana yaro, kamar yadda aka gani bayan fashewar tashar nukiliyar Chanobil da ke ƙasar Yukren a 1986. Akwai gado kuma, musamman a nau'in kansar da ake kira medulari, sai ƙiba mai yawa.

Batun rayuwa kuwa, a nan ne nake so ki saurara sosai. Kusan kashi 80 cikin 100 na kansar tairod nau'in da ake kira fafilari ne, mai girma a hankali, kuma tiyata na maganinsa. A Amurka, kimanin kashi 98 cikin 100 na masu cutar suna raye bayan shekara 5. Nau'in anafilastik ne mai tsanani, amma da wuya ake samunsa, galibi a tsofaffi.

Idan muryarta ta dishe ko haɗiya na mata wuya, ta gaya wa likita da wuri.