USB armory: sauya saitin sadarwa tsakanin Linux da Windows

Malam, ka ce USB armory ɗinka, wato 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai kama da filashi, tana samun intanet a kan Linux, amma da ka soka ta a kwamfutar Windows sai ta tsaya cak. Matsalar adireshin IP ce, wato lambar da ake gane na'ura da ita a kan hanyar sadarwa. Na'urar tana zuwa da 10.0.0.1 a kan usb0 (sunan hanyar sadarwarta ta USB), tana jiran kwamfuta ta zama 10.0.0.2. Shi kuwa Windows, da zarar ka kunna raba intanet, 192.168.137.1 yake ba kansa, sai kowa ya kasa jin ɗan'uwansa.

Shawarata, kada ka goge tsohon adireshin. Ƙara na biyu kusa da shi a kan USB armory ɗin da waɗannan umarnai:

ip addr add 192.168.137.2/24 dev usb0
ip route replace default via 192.168.137.1

In ka koma Linux, layin na biyu kaɗai za ka maida zuwa 10.0.0.2. Ka duba /etc/resolv.conf ma, wato fayil ɗin saitin DNS (tsarin da ke maida sunan shafi zuwa adireshi), don sau da yawa DNS ne ke hana shafuka buɗewa.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne gyara /etc/network/interfaces, fayil ɗin saitin sadarwar na'urar, ta SSH, wato shiga na'urar daga kwamfuta ta hanyar sadarwa. Kuskure ɗaya zai kulle ka a waje. In hakan ta faru, zare katin microSD na na'urar, ka gyara fayil ɗin a wata kwamfutar Linux.