Outlook yana karɓar saƙo amma ya ƙi turawa

Salam ɗan uwa, ka ce a shagonka na buga takardu nan Gombe saƙo na shigowa manhajar imel ta Outlook amma in ka tura sai ya maƙale a Outbox, akwatin saƙonnin da ke jiran fita. Tunda yana shigowa to ba netwok bane, hanyar fitar ce wato SMTP. In Gmail ne ka duba saitin, saba (wato server, kwamfutar da ke fitar da saƙon) ta zama smtp.gmail.com, fot (lambar ƙofar da saƙon ke bi) 587 da tsaron STARTTLS ko 465 da tsaron SSL, ka rabu da 25 don kamfanonin intanet da yawa sun toshe shi. Ni dai abin da na fi zargi fasuwod ne, tun 2022 Google suka daina yarda da fasuwod ɗin da aka saba a tsofaffin manhajoji, sai ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu sannan ka ƙirƙiro App Password, wato fasuwod na musamman na manhaja, mai harafi 16 ka liƙa shi, haka nawa ya min wallahi na kwana biyu ina zagin layina ashe ba ruwansa. Sannan in saƙon farko a Outbox na ɗauke da fayil sama da 25MB goge shi tukuna, shi ke tare na bayansa.