Tambaya da Amsa: Yaya za mu adana tarihin Gwaggo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Wata biyu ke nan da Allah ya yi wa gwaggona rasuwa a wani ƙaramin gari da ke kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa. Tun tana budurwa take ɗinkin hannu na riguna da huluna, kuma shekara 11 na ƙarshen rayuwarta ta yi su ne tana jinyar ƙanenta, baffanmu, wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma yana nan da rai har yanzu. A zaman makoki kowa haƙurinta yake yabawa, amma ban ji wanda ya ambaci aikin hannunta ba. Ina tsoron kada ƙannenmu su taso ba su san ko wace ce ita ba. Me ya kamata in yi? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa jinyar da ta yi ta zame mata haske a kabarinta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Masu ta'aziyya ba su yi laifi ba da suka yabi haƙurinta, domin shi ne abin da idonsu ya gani. Aikin allura kuwa fita yake yi daga gida ya tafi da sunan wanda ya saya. Mutum zai sa aska takwas ya je Idi, a yi ta yaba rigar ana tambayar nawa ya saye ta, ba mai tambayar hannun da ya shafe watanni yana cika zanenta. A ƙasar Zazzau mun san Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin shekarun 1830, saboda ginin yana nan kuma sarauta ta riƙe sunansa. Matan da ke ɗinki a cikin gida ba su da wannan gatan, sai dai idan wani daga zuriyarsu ya tashi tsaye, kamar yadda kike shirin yi.

Ki fara da tsofaffi, domin su ne ba sa jira. Ki nemi ƙawayenta, da matar da ta koya mata ɗinki idan tana raye, da dillaliya ko dillalin da ke karɓar aikinta yana kaiwa kasuwa. Kada ki tambaye su wace irin mata ce ita, domin amsa ɗaya za ki samu, cewa mutuniyar kirki ce. Ki tambaye su wa ke yi mata zayyana kafin ta sa allura, wane zare ta fi so, kwana nawa hula ke ɗaukar ta, wace riga ce ta fi ba ta wahala, da kuma me ta saya da kuɗin aikinta na farko. Ki ɗauki muryoyinsu a waya da izininsu, ki kuma rubuta a takarda, saboda waya tana ɓata.

Sai kayan da ta bari. Ki tuna cewa gado ne, don haka ki nemi yardar magada kafin ki ɗauki komai, ko ki saya idan an yi rabo. Kowace riga ko hula ki ɗauki hotonta ciki da baya, kuma ina jaddada miki bayan, domin masu sana'ar daga nan suke gane hannu: yadda aka ɗaure zare, da yadda aka ɓoye bakinsa, da daidaiton taku. Ki naɗe su a farin ƙyallen auduga mai tsabta, ki ɗaga su daga ƙasa saboda gara, kada ki kulle su a leda domin laimar damina tana sa su fumfuna, kuma ki riƙa shanya su a inuwa, rana tana cinye launi. Idan akwai aikin da ba ta gama ba, da allurar a soke inda ta tsaya, ki bar shi haka nan. Idan kina son ƙarin shawara, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai malaman da suka karanci fannin saƙa da zanen tufafi, kuma ba nisa daga Tudun Wada.

Ina roƙon ki kada ki raba ɗinkin da jinyar yayin da kike rubutu, domin a ɗaki ɗaya aka yi su. Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar jiki ya san aikin: a juya shi dare da rana don kada bayansa ya yi gyambo, a ba shi kunu a cokali, a wanke shimfiɗa, a kwana da kunne ɗaya a buɗe. Mai yiwuwa a gefen gadon nan take zare allura idan ya samu barci, kuma mai yiwuwa kuɗin hulunan ne ke sayen magani. Ki bincika ki tabbatar, sa'an nan ki rubuta shi yadda yake, har da ranakun da ta gaji, domin ɓoye gajiyarta rage mata girman abin da ta yi ne.

Hadisi ya ambaci ilimi mai amfani a cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Idan a cikin 'yan matan gidanku akwai mai sha'awa, a haɗa ta da ɗaya daga cikin ƙawayen Gwaggo ta koyi irin takunta.

Akwai abu ɗaya da wasiƙarki ba ta faɗa ba, kuma shi ya fi damuna: wa ke kula da Baffa yanzu? Shekara 11 mutum ɗaya ya saba da shi, ita ta san yadda yake so a tallabe shi da abin da yake nufi idan harshe ya ƙi. Ku zauna a matsayin dangi ku raba kwanaki da ɗawainiya, kada a sake jibga wa mace ɗaya. Idan kin je ranar da ta faɗo kanki, ki tafi da ɗaya daga cikin hulunan ki sa masa a hannu, ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi labarin yayarsa, ko da a hankali zai ba ki amsa.