Amsar tambayarka kan Rumsiki da zamanmu a gindin dutse

Salamu alaikum ɗan'uwa, na ga saƙonka tun shekaranjiya, sabis ne ya ƙi zama shi ya sa ka ji ni shiru. Wallahi sai da na yi dariya da na karanta, wai mu Hausawan Kamaru me muke tsinta a cikin duwatsu, kuma in ka zo daga Kano me za ka gani banda dutse. To dutsen dai za ka gani, amma ba irin Dala da Gwauron Dutse ba ne.

Ni a Mokolo nake, nan aka haife ni, kakanmu ne ya zo da fatauci ya ga wuri ya zauna. Mokolo ita ce hedikwatar Mayo-Tsanaga a jihar Arewa Mai Nisa, daga Marwa kamar kilomita 80 ne. Amma wurin da ka gani a hoto Rumsiki ne, ƙaramin gari ne can sama, kilomita 50 da ɗoriya daga nan ta hanyar Mogode, kuma hanyar ba ta da kyau ko kaɗan, ka shirya ƙugunka. Abin da zai ba ka mamaki shi ne wurin ya fi kusa da ku fiye da yadda kake zato, in ka tsaya bakin garin ka kalli yamma ƙasar Michika kake kallo, iyakar ba ta wuce kilomita 3 ba. Mutanen da muke kira Kapsiki a nan su ne Higi ko Kamwe a wajenku, dangi ɗaya ne Turawa suka ja layi a tsakaninsu.

Duwatsun kuwa ba tudu ba ne mai faɗi, a'a, tsaye suke ɗaiɗai kamar an kafa taɓare a tsakiyar kwari, masana sun ce ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne, ruwa da iska suka cinye gefen suka bar zuciyar. Babban cikinsu ya kai mita 1,224 daga matakin teku. Ka tashi bayan sallar asuba ka zauna bakin gangaren kafin rana ta fito, za ka ga kwarin duk ya cika da raɓa kamar hayaƙi, kawunan duwatsun kaɗai ke leƙowa, can ƙasa zakara na cara hayaƙin girki na tashi daga bukkoki masu tsinin jinka, ni da na saba ma har yanzu in na je sai na ce subhanallah. Sai dai ka zaɓi lokaci, ƙarshen damina wajen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, ko'ina kore shar. Na taɓa kai wani baƙo a Janairu, hazo ya rufe komai, muka sha sanyi a banza muka dawo da mura, har yau yana min tsiya wai na kai shi kallon ƙura.

Ka kuma lura da gonakin Kapsikin. Jikin dutse ne aka jera masa katangar duwatsu hawa hawa tun kaka da kakanni don kada ruwa ya kwashe ƙasa, a nan suke shuka dawa da gero, a fili kuma gyaɗa da dankali. Shanunsu na asali ƙanana ne ba tozo. A cikin gari akwai masaƙa masu saƙar gargajiya, da mata masu ginin tukwane, da maƙera masu zubin tagulla. Maƙeran nan su ne abin da zai fi ɗaure maka kai, don a wajensu maƙeri ba sana'a ce kawai ba kamar a Kano, jinsi ne daban, su ke binne gawa, su ke duba, a gargajiyance ba a auratayya da su ba a cin abinci ƙwarya ɗaya da su. Daga cikinsu ne ake samun mai duba da ƙaguwa ɗin da ka ji labari, yana zuba jiƙaƙƙen yashi a tukunya ya kakkafa tsinke da ɓallin ƙwarya, ya saka ƙaguwa ya rufe, in ya buɗe sai ya karanta abin da ta ture. Turawa kan yi layi a kansa a da. Mu dai ba ma zuwa, ka san hukuncin duba ba sai na faɗa maka ba, amma ba ma tsayawa ƙofar gidan mutum muna masa wa'azi.

Nan ne ma zan ja kunnenka, don shi ne ainihin amsar tambayarka ta yadda muke zaune. Kalmar arne ka bar ta a Mubi kafin ka tsallako, haka kalmar kirdi in ka ji wani ya faɗa kada ka ɗauka. Wani ɗan'uwanmu daga wajenku ya taɓa biyo ni, muna zaune kan dakali a Rumsiki wani dattijo ya kawo mana gyaɗa a ƙwarya, sai gogan naka ya juyo ya ce min "ashe arnan nan suna da kirki". Dattijon ya yi shiru ya gama zuba gyaɗar, sannan ya ce da Hausa tsantsa, "Alhaji mun gode da shaida." Ashe ya yi shekaru yana dako a kasuwar Mubi. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutanen nan ba son wahala ya kai kakanninsu kan dutse ba, gudun masu farautar bayi ne, sunan Hamman Yaji na Madagali har yau tsofaffi ba su manta ba, kuma a idonsu mai babbar riga da hula duk ɗaya ne ko Bafulatani ko Bahaushe. Yau cikinsu akwai Kirista da Musulmi da masu gargajiya, wani lokacin a gida ɗaya.

Shi ya sa mu a nan muka iya zama da bakinmu. Fawa da tireda da ɗinki da goro su ne namu, muna da unguwarmu da masallacinmu, biki da suna kamar na gida. Amma a kasuwa Fulatanci ake yi ba Hausa ba, a ofis Faransanci, Hausa sai mun shiga gida, don haka in ka ji yaranmu sun cakuɗa uku a jimla ɗaya kada ka yi musu dariya, suna jin zafin abin. Ka koyi "jam na" da "useko", gaisuwa da godiya ke nan, za su buɗe maka ƙofa fiye da kuɗi. Kada ka ɗauki hoton mutum ko gidansa sai ka tambaya, in ka ga taro ana shan bilbil, burkutunsu ke nan, ka yi gaisuwa ka wuce abinka.

Za ka tambayi Turu, kasuwar ranar Alhamis inda mata ke kifa jar ƙwarya a ka kamar hular kwano. Tana da kyau ƙwarai amma ba zan kai ka ba yanzu, ɓangaren arewa ne kan iyaka, tun da rikicin Boko Haram ya tsallako wajen 2014 ba a shiga can kai tsaye. Rikicin ne ma ya kashe kasuwar baƙi a Rumsiki, samarin da ke rakiyar Turawa da yawa sun koma noma da acaɓa. Sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da ke kusa da mu tun 2013 yake cike da 'yan Najeriya.

In ka tashi zuwa ka sanar da ni da mako guda in tambayi halin hanya. Ka riƙo takardunka cikakku don jandarma ba ya jin "haba oga", ka canza nairarka zuwa sefa tun a iyaka, ka sa rigar sanyi a jaka. Kuma dan Allah ka taho min da alkaki ko dubulan, tsohuwarmu tun bara take min mitarsu.