Kafin ka sauka Addis Ababa, ka san halin huhunka

Ƙanena, ka tambaya ko gaskiya ne baƙo na haki a Addis Ababa, tunda can za ka yi karatu. Gaskiya ne. Birnin na kan tudu mai tsawon kusan mita 2,350, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba.

Oksijin dai kashi 21 cikin ɗari ne na iska, a Kano da Addis duka. Matsin iskar ne ke raguwa: a bakin teku ma'aunin 760 ne, a can kuwa wajen 570. A cikin huhu akwai ƙananan jakunkunan iska miliyoyi, bangonsu siriri ƙwarai, jijiyoyin jini sun lulluɓe su. Matsin nan ne ke tura oksijin ya ratsa bangon ya shiga jini. Da ya ragu, kowane shaƙa sai ya kawo maka kusan kashi huɗu cikin biyar na oksijin da ka saba samu a Kano.

Jiki na da dabararsa. Numfashi da bugun zuciya su ƙaru nan take, ƙoda ta daidaita jini cikin 'yan kwanaki, jajayen ƙwayoyin jini su ƙaru cikin makonni. Kafin nan, hawa bene biyu da jaka zai sa ka tsaya ka dafa bango. Ciwon kai da rashin barci a daren farko ba abin tsoro ba ne. Ka sha ruwa sosai, ka ajiye ƙwallo tukuna, hawan dutsen Entoto da ke gefen birnin ma ya jira sai ka yi mako guda.

Abin da ya fi damuna shi ne sikila, don ta yi yawa a cikinmu. Ka yi gwajin jini tun a gida. Idan SS ne, kada ka sayi tikiti sai likitanka ya amince. Mai AS ma ba a bar shi ba: ƙarancin oksijin na iya lanƙwasa ƙwayoyin jininsa su toshe saifa. Alamarta ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Wannan asibiti ne kai tsaye, ba shan panadol ba.

Haka kuma haki kana zaune, ko tari da majina mai kumfa da jirwayen jini, ruwa ne ya taru a huhu. Oksijin ake sa wa mutum, a saukar da shi ƙasa a ranar, ba a kwana.