Matata Ta Haifi Zabiya, In Yi Gwajin DNA?

Tambaya: Malam, matata ta haifi ɗa zabiya, alhali ni da ita baƙaƙe ne, kuma ban san zabiya a danginmu ba. Watansa takwas, ni na raɗa masa suna. 'Yan'uwana sun matsa in yi gwajin DNA. Ya halatta?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka wannan waswasi. Da ka ce kai ka raɗa masa suna har ya kai wata takwas, ka riga ka yanke hukuncin da bakinka. Wanda ya san an haifa masa ɗa, ya karɓe shi, ya yi shiru ba da wani uzuri ba, ba shi da sauran damar kore shi, ko da li'ani, wato rantsuwar da miji da mata ke yi a gaban alƙali idan ya zarge ta da zina. Bambancin launi kuwa, hadisin mai raƙuman nan na ƙabilar Banu Fazara ya gama da shi: matarsa ta haifi baƙin ɗa, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa yadda raƙumi ke gado launi daga kakanni, haka ɗa ma, bai ba shi damar kore shi ba.

Abin da kake zarginta da shi ma, rabinsa daga jikinka ya fito. Ɗa yana gadon kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 23 daga uba, 23 daga uwa, kuma irin zabiyancin da aka fi gani ba ya bayyana sai ƙwayarsa ta zo ta ɓangaren biyu. Kana ɗauke da guda a ɓoye, ita ma haka, lafiyayyar ƙwayar da ke gefenta ta danne ta. Haka take ratsa kakanni ba a gani. A kowane ciki naku, yiwuwar ɗaya ce cikin huɗu.

Wasu malaman zamani sun ce a bar miji ya gwada don hankalinsa ya kwanta. Ban gamsu ba. Nasaba haƙƙin yaro ce kafin ta zama ta uba, shari'a kuma tana tabbatar da ita da ɗan ƙaramin dalili, tana tsanantawa wajen kore ta. Kai yaron gwaji kansa tuhuma ce ga uwarsa, ko sakamako ya wanke ta ba za ta manta ba. Idan aka buɗe wannan ƙofa, wace matar aure ce za ta tsira? Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na Makka a 2002, ta hana amfani da gwajin don bin diddigin nasabar da ta tabbata, ta bar shi ga irin jariran da suka cakuɗe a asibiti.

Ka ja kunnen 'yan'uwanka, ƙazafi bulala 80 ne. Kuɗin gwajin ka kai shi wurin likitan ido, don ganin zabiya yakan yi rauni. Ka kiyaye fatarsa daga rana da hula da doguwar riga, saboda sankarar fata. Wallahu a'alamu.